Yadda Ƙuri'un Kano Suka Raba Gardamar Zaɓen 1979

Ran 11 ga watan Agusta 1979 aka yi zaɓen Shugaban Ƙasa a Nijeriya, bayan shekara 13 ana mulkin soja. A lokacin jihohi 19 ne, 'yan takara kuwa biyar.

Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN shi ne ya zo na ɗaya a jihohi 9, watau Sakkwato, Neja, Kaduna, Bauci, Gongola, Kwara, Binuwai, Ribas da Kuros Riba. Cif Obafemi Awolowo na UPN ya cinye Ikko, Ogun, Oyo, Ondo da Bendel. Dokta Nnamdi Azikiwe na NPP ya ɗauki Anambara, Imo da Filato. Alhaji Waziri Ibrahim na GNPP ya tsira da Barno, Malam Aminu Kano na PRP kuma da Kano.

A jimlace Shagari ya sami ƙuri'a 5,688,857, Awolowo 4,916,651. Amma yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba. Doka ta ce lalle ne mai nasara ya sami rubu'in ƙuri'un da aka jefa a sulusi biyu na jihohi. Shagari ya cika wannan sharaɗi a jihohi 12, in an haɗa da Bendel, Barno da Filato. A Kano kuwa ƙuri'a 243,423 ya samu daga cikin 1,220,763, watau kashi 19.94 bisa ɗari.

To, nawa ne sulusi biyu na 19? Awolowo ya ce 13 ne, domin ba a gutsura jiha. Lauyan Shagari, Cif Richard Akinjide, ya ce 12 ne da sulusi biyu. Bisa lissafinsa, sulusi biyu na ƙuri'un Kano 813,842 ne, rubu'insu kuwa bai kai 203,461 ba, Shagari ya ɗara haka.

Hukumar Zaɓe ta Tarayya, FEDECO, ta ba Shagari nasara, Awolowo ya kai ƙara. Ran 26 ga Satumba Kotun Ƙoli, a ƙarƙashin Babban Joji Atanda Fatai-Williams, ta tabbatar da zaɓen, Mai Shari'a Kayode Eso kuwa ya ƙi amincewa. Aka rantsar da Shagari ran 1 ga Oktoba.

Ga abin mamaki: jihar da ta juya masa baya, ƙuri'unta ne suka cika masa sharaɗin hawa mulki.