Ranar Farko a Bakin Ruwa: Yadda Ɗan Zango Zai Fara Riƙe Fatsa

Daga wakilinmu a Lome

Duk wanda ya san Zangon Lome ya san cewa ba unguwar masunta ba ce. Fataucin goro da shanu da tufafi ne ya kawo kakanninmu bakin teku, kuma har gobe da ciniki aka san mu. To amma tun shekarar 1977, lokacin da gwamnati ta rushe tsohon Zango da ke tsakiyar gari ta mayar da jama'a Togblekope, kimanin kilomita 15 arewa da birni, sai muka wayi gari muna maƙwabtaka da kogin Zio. Yaran da aka haifa a nan sun taso suna ganin masu fatsa suna wucewa da tarwaɗa da ƙarfasa a igiya. Don haka ba abin mamaki ba ne yaro ɗan shekara uku ya riƙe rigar babansa yana kukan sai an tafi da shi kamun kifi.

Shin a tafi da shi? A ganinmu babu laifi, muddin uban ya san cewa kallo ya kai yaron, ba aiki ba.

Wasu kan kafa hujja da 'ya'yan masunta. Gaskiya ne a Argungu, inda aka fara bikin kamun kifi a 1934, ɗan Sarkawa yana tasowa ne da gora da homa a gefensa. Haka ma yaran Katanga, unguwar masunta da ke kusa da tashar jiragen ruwa ta Lome, a gindin kwale-kwale suke rarrafe. Amma waɗannan gadonsu ne, kuma kewaye suke da manya da suka iya iyo, suka san inda ruwa ke da zurfi da inda yake ja. Da yawa daga cikinmu kuwa ko kanmu ba za mu iya fitarwa daga ruwa ba, balle mu ceci wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutane kimanin 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ƙaramin yaro ba ya ihu idan yana nutsewa, kuma ruwan da bai kai gwiwar babba ba ya isa ya halaka shi.

Saboda haka abu na farko shi ne zaɓen wuri. Bakin tekun Lome ba wurin koyo ba ne, domin igiyar ruwansa tana kayar da ƙato ta janye shi. Tafkin da ya ratsa unguwar Be kuwa ƙazantar gari ce ke kwarara cikinsa. Shi ma Zio ba a wasa da shi da damina. Mai karatu zai tuna ambaliyar watan Yulin 2008, wadda ta karya gadar Amakpape a kan babbar hanyar arewa, motocin kayan Burkina Faso da Nijar suka yi cirko-cirko. Ruwan da ya karya gada ai ba zai tausaya wa yaro ba. Abin da ya fi shi ne a jira rani, a nemi gaɓa shimfiɗaɗɗiya mara santsi, ko a roƙi mai kiwon kifi ya bari a zauna a bakin tafkinsa.

Na biyu, kada ƙafar yaro ta shiga ruwan. A irin waɗannan koguna da fadamu ake ɗaukar tsargiya. Ƙwayar cutar tana fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi ta huda fata ba tare da an ji zafi ba, sai daga baya a ga yaro yana fitsarin jini. Akwai maganinta, sunansa praziquantel, amma rabon da ake yi a makarantu yakan tsallake wanda bai isa shiga aji ba. Duk wanda ya ga wannan alama ya garzaya asibiti, kada ya ce zafin rana ne.

Na uku, kayan aiki. Siririyar sanda da zare da ɗan toton da zai riƙa yawo a kan ruwa sun ishe shi. Ƙugiya da tana aikin babba ne, kuma yana da kyau a danne ƙayar ƙugiyar da filaya, don ko ta shiga yatsa ta fita da sauƙi. A je da sanyin safiya, a zaunar da shi a cinya, hannu ɗaya na uba a kan sanda, ɗayan a jikin yaro. Ba a barin shi a hannun yayansa ɗan shekara takwas, ba a kuma juya baya don amsa wayar abokin ciniki. Rabin awa ya wadatar. Idan an dace da ƙarfasa, a sa ta a bokiti ya kalle ta, ya taɓa, ya yi dariya. Idan ba a dace ba, ya ga tsuntsaye da kwaɗi, ya kuma fara koyon haƙuri, wanda shi ne jarin masunci da ɗan kasuwa baki ɗaya.

Akwai kuma wani irin kai yaro ruwa da ya wajaba mu faɗa wa juna gaskiya a kansa. A tafkin Bolta na ƙasar Gana, wanda ya samu bayan kammala madatsar Akosombo a 1965, an daɗe ana kai ƙananan yara garuruwa irin su Yeji da sunan koyon sana'a, bayan an ba iyayensu 'yan kuɗi kaɗan. Ruwan ya shanye dazuzzuka, kututturan itatuwa na nan a ƙasa suna kama taru, kuma yaran ake turawa su nutse su kwance shi. Wasu ba sa fitowa. A 2005 Gana ta kafa dokar hana fataucin mutane, Togo ma a wannan shekara ta kafa tata ta hana fataucin yara. Amma doka ba ta gani sai da idon jama'a.

A nan ne 'yan kasuwarmu na Aflawo da Hilakonji da Sinkase suke da rawar takawa, domin babu mai tsallake iyaka ba su gan shi ba. Idan kun ga baƙo da yara uku ko huɗu da ba sa jin yarensa, ku tambaya, ku kuma sanar da jami'an tsaro. Wanda kuma kasuwa ta yi masa nauyi har wani ya zo da daɗin baki yana neman a ba shi yaro ya koya masa su, to ya nemi shawarar mai unguwa da liman kafin ya amsa.

An ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ba a ce a karya shi ba. Yaron da aka kai bakin ruwa da safe, a dawo da shi gaban mahaifiyarsa kafin azahar. Allah Ya raya mana zuriya, Ya tsare su a tudu da ruwa.