Ba Sai da Photoshop Ba

Akwai maganar da ta zauna daram a bakin masu ɗaukar hoto a garuruwanmu, daga Batsari har Safana da Runka: wai yaron da ke son hotonsa ya fito ras a tsakiyar rana, sai ya nemi kwamfuta ya sa Photoshop, in ba haka ba wasa yake yi. Masu faɗin haka sun san sana'arsu. Wasunsu sun yi shekaru suna cin abinci da wannan manhaja, kuma ƙarfinta ba abin musu ba ne. Sai dai ina ganin shawarar ba ta dace da mai koyo ba, balle mai koyo na wannan yanki.

Ga inda gizo ke saƙa. Ango ya zauna ƙarƙashin rumfa cikin farar shadda, rana ta take a bayansa. Idonka yana ganin fuskarsa da aikin wuyan rigarsa lokaci guda, amma kyamara ba ta iya wannan ba. In ta bi fuska, riga ta ƙone fari fat. In ta bi riga, fuska ta nutse cikin duhu. Maganin shi ne abin da ake kira HDR: a ɗauki hoto uku ko fiye a jere, ɗaya da duhu, ɗaya tsaka-tsaki, ɗaya da haske, sannan a haɗa su, kowanne ya ba da abin da ya kama. Dabarar ta girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun shekarun 1850 Gustave Le Gray na Faransa yake ɗaukar teku daban, sama daban, ya haɗa su a takarda ɗaya.

Ke nan rabin aikin a wurin ɗauka yake ƙarewa. Zaren da ya ƙone a hoto ya tafi, babu manhajar da za ta dawo da ainihinsa. Yaron da aka ɗora a kan Photoshop tun ranar farko yakan taso da tunanin cewa kowane kuskure yana da gyara a gaba, sai ya daina kallon inda rana take kafin ya danna. Wannan ita ce asarar da ta fi damuna, fiye da ta kuɗi.

Kuɗin ma ba ƙarami ba ne. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara, kuma manhajar tana neman intanet lokaci-lokaci don tabbatar da an biya. Mutanen Batsari da Safana ba su manta da watan Satumba na 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar tsaro. Kayan aikin da ke dogaro da intanet da wutar lantarki mai ɗorewa ba shi ne na fara koyo a nan ba. Photoshop ɗin da ake turawa ta bayan fage kuwa, ga haƙƙin masu ita, ga ƙwayar cutar kwamfuta da kan biyo ta.

Alhali abin yana cikin aljihun yaron. Apple ya sa HDR a iPhone tun 2010, yau kuma wayoyin Tecno da Infinix da yawa suna da shi a cikin kyamararsu. Wanda ke son ya ga yadda aikin ke gudana ya sauke Open Camera, kyauta ce a Android, tana iya ɗaukar hotunan nan uku ta ajiye masa kowanne daban ya kwatanta. Gyara kuma ga Snapseed, wadda Google ya mallaka tun 2012: kyauta, ba ta neman intanet bayan an sauke ta, kuma da yatsa ɗaya ake ɗaga inuwa a rage haske. Yaro zai iya gwada ta sau goma a bakin kasuwar Batsari, a kan tulin rogo da inuwar rumfa, kafin la'asar.

Ba na cewa waɗannan ba su da aibi. A cikin Snapseed akwai HDR Scape, wanda a kan hoto ɗaya tak yake aiki, kuma in aka cika masa hannu sai baƙar fata ta fito kamar an shafa toka, wani farin zobe ya kewaye hula. Mai koyo ya taɓa shi kaɗan, a kan fuskar mutum ma ya bar shi. Haka kuma HDR ba ya son motsi: doki a hawan Sallah ko yara a guje sukan fito da ƙafa biyu-biyu, domin sun gusa tsakanin ɗauka da ɗauka. A nan a kashe shi.

Ranar da yaron ya mallaki babbar kyamara da kwamfuta, ga Luminance HDR kyauta, ga Photomatix na kamfanin HDRsoft da aka gina don wannan aiki kaɗai, ga Lightroom da ke haɗa irin waɗannan hotuna tun 2015. Photoshop ma lokacinta zai zo, idan aiki ya kai ga hotunan kalanda da fastocin biki, kuma a sannan iyayen gidansa a sana'a su ne za su nuna masa hanya.