Rauta Mai Hanya Biyu: Yadda Za A Gyara Wayifai Na Gida

Yau rabin cinikinmu a waya yake. Bijimi yana Tamale, mai saye yana Kumasi ko kasuwar Tulaku ta Ashaiman, sai ya ce a turo masa bidiyo ta WhatsApp kafin ya yi tayi. Mun taɓa rasa cinikin shanu goma sha biyu don bidiyo ya ƙi tafiya tun magariba har asuba, wani ya riga mu. Muka yi ta zagin kamfanin waya, ashe matsalar tana cikin ɗakinmu.

To, ga bayani. Akwatin da ke raba intanet a gida, wato rauta, in na zamani ne hanya biyu gare shi: 2.4 da 5, kamar tashoshin rediyo. Ta 2.4 kamar burtali take, tana kai wa nesa, tana ratsa bango, amma cunkoso ya yi mata yawa, don rautocin maƙwabta da Bluetooth duk nan suke bi. Ta 5 kuwa kwalta ce, ga gudu, sai dai ba ta nisa. Bangon bulo biyu ko ƙofar ƙarfe sun isa su raunana ta. Rautoci da yawa suna ba hanyoyin suna ɗaya, sai waya ta riƙa tsalle tsakaninsu, magana tana yankewa.

Abin yi na farko, a duba ko data ta ƙare, ko sim ɗin MTN ne ko na Telecel. Sannan a zare rauta daga wuta na rabin minti a mayar. Bayan an ɗauke wuta an kawo, wannan kaɗai kan wadatar.

Na biyu, a raba sunayen. A juya rauta, akwai takarda manne a ƙasansa mai lamba irin 192.168.1.1 ko 192.168.8.1, tare da kalmar shiga. A rubuta lambar a burauzar waya, a shiga wurin Wi-Fi, a kashe abin da ya haɗe hanyoyin, a sa wa kowace sunanta, misali Gida2 da Gida5. In ba ka iya ba, Alhaji, ba abin kunya ba ne ka kira yaronka ɗan makaranta.

Na uku, wanda ke ɗaki ɗaya da rauta ya hau 5. Wanda ke zaure ko tsakar gida ya hau 2.4. Tsohuwar waya in ba ta ga 5 ba, lafiyarta lau, ba a yi ta da ita ba ne. In 2.4 tana jan ƙafa, a sauya mata tasha zuwa 1, 6 ko 11, su ne ba sa hawa kan juna.

Na huɗu, a ɗora rauta sama, a tsakiyar gida, ba cikin durowa ko bayan talabijin ba. Kada a manna shi da kwanon rufi, don zafin Maris da Afrilu na garin nan yana sa shi sumewa. Lokacin hunturu a riƙa share masa ƙura.

Daga ƙarshe a sauya lambar sirri, don kada yaran unguwa su cinye datar da kallon ƙwallo alhali direba yana kira daga iyakar Paga. In an yi duk wannan bai gyaru ba, sai a nemi kamfani.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, amin. Wassalam.