Daga garke zuwa gadon asibiti: yadda magani yake daina ci

Ƴan uwa makiyaya, a ɗakin masu ciwo mai tsanani, kamar na babban asibitin Damagaram ko sashen yara na Magariya, abin da likitoci suka fi tsoro shi ne ƙwayar cutar da ba ta jin magani. A yi wa marar lafiya allurar antibiyotik, zazzaɓi ya ƙi sauka. A canza wata mai tsada, ita ma ta kasa.

A shekarar 2019 irin waɗannan ƙwayoyi sun kashe mutum miliyan 1.27 a duniya, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi jin jiki. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar a Maraɗi ya nuna kusan ɗaya cikin uku sun zo asibiti da su a hanjinsu. Wato ba a asibiti kaɗai suke yaɗuwa ba, har a gida.

To, ina ruwan makiyayi? Oksitetrasiklin da penisilin da muke yi wa bisashe dangi ɗaya ne da magungunan mutane. Idan aka yi wa saniya rabin awo, ko aka tsaya da zarar ta miƙe, ƙwayoyi masu rauni ne suke mutuwa. Masu taurin kai su rage, su hayayyafa, su bi kashi, ruwan tafki, hannu da ɗanyen nono su shiga cikin iyali. Ranar da yaro ya kwanta, maganin da zai cece shi ya riga ya rasa ƙarfi.

A asibiti ana yaƙarsu da wanke hannu, ware masu ɗauke da su, da gwaji kafin a zaɓi magani. Ga namu aikin a ruga:

Nemi likitan dabbobi ko mataimakinsa kafin allura. Antibiyotik ba ya kashe ƙwayar ciwon baki da kofato.

Ba da awo daidai da nauyin bisa, ka cika kwanakin.

Kada a sha nono, kada a yanka, sai kwanakin jira da ke jikin kwalba sun cika.

Guji maganin da ya sha rana a kasuwa. Ƙungiyarku ta saya a wurin mai lasisi.

Kai garke rigakafi kowace shekara, a kuma dafa madara kafin yara su sha.