Iko, Siyasa da Kwanciyar Hankalin Jama'a a Ƙasar Dutsin-Ma

Idan mutum ɗaya ya kasa barci a Karofi, akan kai shi wurin malam ko asibiti. Amma idan gari duka ya kwana ido biyu saboda labarin 'yan bindigar dajin Rugu, to, lalle illar ta wuce ƙirjin mutum guda, ta koma wuyan masu riƙe da iko. Irin wannan mas'ala ce ta tara wasu masana halayyar ɗan Adam a Swampscott ta Amurka a 1965, inda suka ga bai wadatar likita ya zauna jiran majinyaci ba, alhali unguwar da ta haifi cutar tana nan yadda take.

A zamanin En'e, talaka ya san tsanin da kukansa zai hau, daga mai unguwa zuwa dagaci, zuwa hakimi, wato Yandaka a Dutsin-Ma ko Maradi a Kurfi, har fadar Katsina; kuma ko da yake akwai haraji da jangali da bulalar dogari, waɗanda ba ma wanke su, an san mai alhaki. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya miƙa ragama ga ciyaman da kansila, ya bar wa sarakuna shawara.

Sai a dubi madatsar ruwa ta Zobe, wadda aka kammala a 1983, amma ba a ƙaddamar da aikin tace ruwanta ba sai 2021. Jaririn da aka haifa shekarar kammala ta ya yi aure ya tara iyali yana sayen ruwa wurin 'yan garuwa masu tura kura cike da jarkoki, yana kuma jin alkawari duk lokacin zaɓe. Wanda ya tashi a haka, in ka tambaye shi, zai ce, "Ai sai yadda aka yi da mu," kuma kuskure ne babba a kira wannan tawakkali, domin malamai sun rarrabe tsakanin dogara ga Allah bayan an yi sababi, da yanke ƙauna saboda an gwada magana ba ta yi amfani ba.

Da Gwamna Dikko Radda ya kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, ya ɗebi samari daga garuruwan da ta'asar 'yan bindiga ta shafa, kuma wannan hikima ce. Sai dai natsuwar mai gona ta rataya ne ga wanda ya zaɓo samarin, da wanda za a kai wa ƙara ranar da ɗayansu ya zalunci wani a kasuwa.