Gyara Kuskuren Lissafin Haraji a Kan Kuɗin Fansho

Muna jan hankalin ma'aikata da masu kamfanoni game da kurakuran da akan samu wajen lissafin harajin albashi, musamman inda aka damƙa aikin ga akantoci ko ofisoshi masu zaman kansu.

Dokar Fansho ta shekarar 2004 ce ta kafa tsarin adashin fansho a ƙasar nan. Dokar 2014 da ta maye gurbinta ta tanadi cewa ma'aikaci zai riƙa ba da aƙalla kashi 8 cikin 100, shi kuma mai ɗaukar aiki kashi 10, daga jimillar ainihin albashi da kuɗin gida da na sufuri. Ma'aikatan jihohi kuwa suna bin dokar fanshon jiharsu ne. Kason da ma'aikaci ya bayar ba a ɗora masa haraji, kuma Dokar Haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairu, 2026, ta bar wannan rangwame yadda yake.

A nan ne mafi yawan kuskuren yake aukuwa. Mu ɗauki ma'aikacin da ke karɓar Naira 200,000 a wata. Kasonsa na fansho Naira 16,000 ne, wato Naira 192,000 a shekara, kuma wajibi ne a fitar da wannan adadi kafin a lissafa haraji. Idan mai lissafi ya manta, to an haɗa kuɗin cikin abin da ake cire wa kashi 15 cikin 100, ma'aikacin ya yi asarar Naira 28,800 a shekara. Naira 2,400 ce kacal a kowane wata, shi ya sa mutum kan shekara biyu ko uku bai lura ba.

Akwai kuma akasin haka, inda ake fitar da kashi 18 gaba ɗaya daga albashin ma'aikaci, alhali kashi 10 ba daga aljihunsa ya fito ba. Harajin zai ragu, amma bashi ne da hukumar tara haraji ta jiha za ta nema tare da tara idan ta yi bincike. Wanda za ta nema kuwa shi ne mai ɗaukar aiki, ba ofishin da ya yi masa lissafi ba.

Wanda ya ga alamar kuskure ya fara da haɗa takardun albashinsa da bayanin asusun da kamfanin fanshonsa ke aiko masa duk wata uku. Ya duba ko abin da aka cire ya yi daidai da abin da ya shiga. Wani lokaci kuɗin sun fita, amma an rubuta lambar asusu ba daidai ba, sai su maƙale ba su shiga asusun kowa ba. Doka ta ba mai ɗaukar aiki kwanakin aiki 7 bayan biyan albashi ya tura kuɗin, kuma jinkiri yana jawo tarar da ba ta gaza kashi 2 cikin 100 ba a kowane wata.

Daga nan sai ya rubuta wa sashen albashi takarda, ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimi. A ganinmu ƙorafin baki ba ya kai mutum ko'ina a irin wannan lamari. Idan haraji ne aka cire fiye da kima, mai ɗaukar aiki zai miƙa gyararren lissafi ga hukumar haraji ta jiha, domin a mayar da rarar ko a rage ta daga harajin gaba. Idan kuwa kuɗin fansho ne ba su shiga ba, kuma wurin aiki ya yi shiru, sai a kai ƙara ga Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom.

Masu kamfanoni su lura cewa 31 ga Janairu ce ranar ƙarshe ta miƙa bayanin harajin ma'aikata na shekarar da ta gabata. Ya kamata su karɓi lissafin daga hannun akanta tun farkon watan, su duba shi kafin su sa hannu.