Kwana a Dajin Kan Dutse: Me Ya Sa Ake Jin Sanyi a Ngel Nyaki?

Ɗalibin da ya tashi a Birnin Kebbi ko Argungu ya san zafin watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40, mutane su fito da tabarmi su kwana a tsakar gida. Ƙasarmu ta kwarin Rima shimfiɗaɗɗiya ce, tudunta bai fi mita 250 daga doron teku ba. Saboda haka idan makaranta ta shirya ziyarar ilimi zuwa dajin kan dutse, abin da ɗalibai suka fi mantawa da shi shi ne bargo.

Bari mu ɗauki dajin Ngel Nyaki, wanda ke gefen tsaunin Mambila kusa da ƙauyen Yelwa, a Ƙaramar Hukumar Sardauna ta Jihar Taraba. An keɓe shi a 1969, kuma yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,500. Yayin da mutum ke hawa sama, nauyin iskar da ke bisa kansa yana raguwa. Iskar da ta hau dutse sai ta buɗe, in ta buɗe kuwa sai ta huce. Masana sun auna cewa zafi na sauka da kusan digiri 6.5 a kowace mita 1,000. Wato tsakanin Argungu da Ngel Nyaki, tudu kaɗai ya isa ya rage digiri 8, ban da sanyin dare da iskar hunturu. Wanda raɓa ta jiƙa wa tufafi ya kwana da su, jikinsa zai yi ta zubar da ɗumi har ya kai ga karkarwa da ruɗewa, kuma wannan ba abin wasa ba ne.

Mai dafa abinci ma zai ga abin mamaki. A gida ruwa na tafasa wajen digiri 100, a can kuwa yana tafasa tun a digiri 95. Tukunya na ɓararraka, amma wake ya ƙi nuna da wuri.

Wannan hucewar iska ita ce ke rayar da dajin. Tururin da ke cikinta yana komawa gajimare, ya sauko ya lulluɓe itatuwa, ganyaye su riƙa ɗigar da ruwa ƙasa. Ƙoramun da ke fita daga nan suna bin kogin Donga zuwa Binuwai, su haɗu da ruwan Rima a Lokoja, bayan shi ma ya bi Neja ya gangaro. A cikin itatuwan akwai birin nan mai kama da mutum, cimfanzi, wanda kowace yamma yake lanƙwasa rassa ya yi wa kansa sabon makwanci.

Dajin ƙarami ne, kuma ciyawa ce ta kewaye shi. Da rani ta bushe, gobara guda na iya cinye ƙananan itatuwan da ke bakinsa, waɗanda suka yi shekaru suna girma. Don haka ba a hura wuta sai inda jagora ya nuna, ba a kuma kwantawa sai an kashe ta da ruwa, an taɓa tokar an ji ta yi sanyi. Malamin da zai kai ɗalibai ya fara neman izinin hukumar gandun daji, ya tambayi lafiyar hanya, ya kuma zaɓi tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin ruwan sama ya mai da hawan tsaunin sulɓi.